Gwajin EEG ya nuna hagu da dama ba su yi daidai ba: wannan ya isa a yi wa ƙwaƙwalwa aiki?

Bazazzage77
Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, musamman wurin likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Ƙanwata ce ke fama da farfaɗiya tun tana aji shida na firamare, yanzu shekararta 23. Tana shan Tegretol safe da dare, daga baya likita ya ƙara mata Keppra, amma har yau da wuya wata ya wuce ciwon bai tashi ba. In zai zo, sai ta ce ta ji wani abu ya taso mata daga ciki zuwa ƙirji, sai ta ƙura ido wuri guda tana tanɗar baki, tana murza gefen zaninta, ka kira ta ba ta amsawa. Wani lokacin a nan yake tsayawa, wani lokacin ta faɗi ta yi ta jijjiga.

An yi mata gwajin EEG, wanda ake liƙa wayoyi a kai. Takardar ta ce igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwarta na hagu da na dama ba su yi daidai ba, na hagu saitin kunne suna tafiya a hankali. Wani mai haɗa marasa lafiya da asibitocin waje ya ga takardar ya ce ai magana ta ƙare, hagun ne ya lalace, a haɗa kuɗi a kai ta Indiya a cire wurin. Baba har ya fara zancen sayar da gonarmu ta hanyar Giwa. Tambayata ita ce, yaya ake auna wannan bambancin, kuma shi kaɗai ya isa a ce ga inda za a yanka?

Maman_Ikram
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Don Allah ku dakata da zancen gonar nan tukuna.

Mai_Gwaji_Samaru
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wannan gwajin shi ne aikina na kullum, bari in faɗa maka yadda ake kaiwa ga rubuta hakan.

Kafin a liƙa komai ana auna kai da tef, daga saman karan hanci zuwa ƙashin ƙeya, sannan daga kunne zuwa kunne. A kan wannan awon ake raba wuraren da wayoyi 21 za su zauna, tsarin da ake kira 10-20. Kowace waya ta hagu tana da abokiyar zamanta a dama. Na hagu suna ɗauke da lamba 1, 3, 5, 7, na dama kuma 2, 4, 6, 8. F7 da T3 su ne na wajen kunnen hagu, F8 da T4 na dama. Mai karantawa zai jera hagu da dama ya duba abu biyu, tsayin igiyar da saurinta.

Mutum in yana farke ido a rufe, bayan kansa yana fitar da igiyar da ake kira alfa, tana kaɗawa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa. Ko a lafiyayye ta dama takan ɗan fi ta hagu tsayi, wannan ba ciwo ba ne. Sai in gefe ɗaya bai kai rabin ɗayan ba, ko saurinsu ya bambanta da fiye da kaɗawa ɗaya a daƙiƙa kuma ya zauna a haka, sannan ake cewa akwai magana. Abin da aka rubuta wa ƙanwarka kuwa igiyoyi ne masu nawa, ƙasa da 8 a daƙiƙa, a gefe guda, ga baliga kuma a farke. Yana nuna akwai abin dubawa a wurin, amma bai faɗi ko mene ne ba. Tabo yana kawo haka, ƙari yana kawowa, tsohon bugun kai ma haka.

Sannan akwai bambancin da mu masu gwajin ne ke haddasa shi. Mace ta zo da sabon kitso, shuku ko kalaba, kai ya sha mai. Waya ɗaya ta zauna daram a kan tsaga, abokiyarta ta hau kan gashi ba ta taɓa fata sosai ba. Ko kuma ba a auna kan ba, an kintata da ido. Ko ta faɗi gefen kai ya kumbura, sai igiyar wannan gefen ta fito a dushe. Duk waɗannan sukan nuna hagu da dama sun saɓa alhali ƙwaƙwalwar ba ruwanta. Ka tambaye ta, ta tsefe kanta ta wanke ranar? Kuma yaushe rabonta da faɗuwa kafin a yi gwajin?

Bazazzage77
Na gode ƙwarai @Mai_Gwaji_Samaru. Ta tsefe, an gaya mana tun ranar da aka ba mu lokaci. Amma ciwon ya tashi da daddare, washegari da safe aka yi gwajin.

Mai_Gwaji_Samaru
To ka ga wannan dole likita ya sani. Bayan ciwon ya lafa, gefen da ya fito yakan ɗauki lokaci yana fitar da igiyoyi masu nawa kafin ya dawo daidai. Alama ce mai amfani, amma ta bambanta da nawar da ke nan dindindin. In aka maimaita a ranar da ta huta za a gane wacce ce.

Likita_Jijiyoyi
Assalamu alaikum. Malam Mai Gwaji ya yi bayani mai kyau. Amsa a taƙaice, Malam Bazazzage, a'a, bai isa ba. Babu cibiyar kirki da za ta buɗe kan mutum saboda EEG na minti 20 ko 30.

Wayoyin nan a kan fata suke, tsakaninsu da ƙwaƙwalwa akwai ƙashi da ruwa. Kamar ka tsaya a bayan katangar babban gida ne ka ji hayaniya, za ka iya cewa daga ɓangaren gabas take, amma ba za ka rantse a ɗakin wa aka fara ba. Wurin da irin wannan farfaɗiyar ta fi farawa, wani ɗan sashe mai suna hipokamfus, can ciki yake a ɓoye, nesa da fata.

Abin da ake nema kafin aiki shi ne shaidu da yawa su haɗu a wuri guda. Na farko siffar ciwon kansa, me take yi daga farkonsa zuwa ƙarshe. Sai EEG na lokacin da take lafiya, ana duba tartsatsin farfaɗiya, wato igiyoyi masu tsini, a ga ko gefe guda suke fitowa ko duka biyun. Wannan ya fi nawar igiya nauyi a wurinmu. Sai babban gwajin, a kwantar da ita kwanaki da wayoyi a kai da kyamara, wani lokacin a rage magani a ƙarƙashin kulawa, har ciwon ya tashi a gani a ina ya fara. Sai hoton MRI da aka ɗauka musamman don farfaɗiya, a ga ko hipokamfus ɗaya ya motse ya yi tabo. Sai gwajin tunani da riƙe abu. In duk suka nuna hagu, an samu ƙwarin gwiwa. In suka saɓa, ana ƙara da hoton PET ko SPECT, masu nuna yadda sassan ƙwaƙwalwa ke aiki, ko a sa wayoyi a cikin ƙwaƙwalwar kanta.

Har EEG na lokacin tashin ciwon yakan nuna gefen da ba shi ba. In hipokamfus ya lalace sosai, wutar da yake fitarwa ba ta da ƙarfin isowa fata, sai ta tsallaka ɗaya gefen ta bayyana a can. Ba kasafai ba ne, amma sananne ne.

Wancan mutumin an yi MRI ya gani, ko takardar EEG kawai ya duba?

Bazazzage77
Takardar kawai, Likita. A waya ma na tura masa. Ba a taɓa yi mata MRI ba, CT aka yi tun tana yarinya aka ce babu komai.

Likita_Jijiyoyi
CT ba ya nuna irin tabon da nake magana. "Babu komai" a CT bai rufe ƙofa ba.

Injiniya_Palladan
Likita ranka ya daɗe, ni abin da ya ɗaure min kai, me ya sa za a dogara da idon mutum? Sigina ce fa. A ba kwamfuta ta lissafa ƙarfin hagu da na dama ta fitar da lamba, kowa ya huta da saɓanin masu karatu.

Likita_Jijiyoyi
Ana yi, Injiniya. Akwai ma'aunin rashin daidaito, a ɗebe na hagu daga na dama, a raba da jimillarsu. Misali hagu 40, dama 60, bambanci 20 cikin 100. Ana iya yin haka ga kowane nau'in igiya, alfa daban, delta (igiya mai nawa sosai) daban, har a zana shi da launi a kan taswirar kai. A hoton PET ma irin wannan lissafin ake yi. Yana taimakawa wajen ganin ƙaramin bambancin da ido zai tsallake, da kuma rikodin na kwana da kwanaki.

Matsalar ita ce kwamfuta duk abin da aka ba ta za ta lissafa. Ƙiftawar ido, taunar haƙori, gumi, gyangyaɗi, wayar da ta saki, duk za su shiga lissafi su fito da jan launi a gefe guda. Sannan lambar ba ta gaya maka wane gefen ne mara lafiya. Wani lokacin wanda ya yi ƙasa ne, wani lokacin wanda ya yi sama. Shi ya sa sai ƙwararre ya duba ainihin rikodin ɗin ya zaɓi tsaftataccen wuri kafin a lissafa.

Dan_Kongo
Ai na ɗauka gefen da igiyarsa ta fi tsayi shi ne kullum mai ciwon, tunda farfaɗiya yawan wuta ce.

Mai_Gwaji_Samaru
Ba kullum ba @Dan_Kongo. Wanda ƙashin kansa ya taɓa fashewa, misali a haɗarin babur, igiyar wurin takan fito da tsayi da kaifi saboda ƙashin da ke dusashe ta ya buɗe. Wanda kuma jini ya taru a ƙarƙashin ƙashinsa, gefen mai ciwon ne zai yi ƙasa. Shi ya sa nake shafa kan mutum in tambaye shi kowane tabo kafin in fara.

Malam_Kofar_Doka
Allah ya ba yarinya lafiya. Ba na musun ilimin likitoci, amma ina so in tuna mana kada a bar addu'a da ruƙiyya ta shari'a. Akwai hadisin matar da ta zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ta ce tana farfaɗiya kuma tana tsiraita, ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko ya yi mata addu'a. Ta zaɓi haƙuri, ta roƙi addu'ar kada ta riƙa tsiraita, ya yi mata. Wannan ya ishi mai wannan lalura daraja. Kuma Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, don haka neman magani ba ya karo da tawakkali.

Yar_Gyallesu
Malam, Allah ya saka da alheri, da kowa irin wannan yake faɗa da an huta. Amma a unguwarmu an hana wani yaro maganin asibiti aka ce iska ce, ana ta turare da duka, har ya faɗa murhu. Hannunsa na dama bai ƙara miƙewa ba.

Malam_Kofar_Doka
Wannan zalunci ne, ba ruƙiyya ba. Duk wanda ya ce a ajiye magani, a guje shi.

Sista_Tudun_Wada
Tunda an zo nan bari in saka baki. In ciwon ya tashi kada a tura cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu ko manja, kada a danne mutum. A janye wuta da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5 sai asibiti. Kuma ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa. Yaya Bazazzage, wani ya daure ya ɗauki bidiyo da waya tun daga farkon tashin, fuska da hannaye duka biyu su fito, a cire mata bargo. Likitoci suna matuƙar son wannan.

Baban_Sadik
Ni na bi wannan hanyar da ɗana, bari in ba ku labari. Mu ma takardar farko cewa ta yi dama ce. Muka je Indiya da zuciyar aiki za a yi. Suka kwantar da shi a ɗaki da kyamara a sama, kai naɗe da bandeji wayoyi na lilo ta ƙeya, aka ba ni wani ɗan maɓalli in danna da zarar na ga ya fara. Ba a yarda in tsaya tsakaninsa da kyamarar ba, ko bargo ba a bari in rufa masa. Zaman jiran ɗanka ya faɗi, kana ma roƙon Allah ya faɗi don a gani, ba ƙaramin abu ba ne.

Da aka haɗa abin da aka ɗauka, wasu sun fara daga dama, wasu daga hagu. MRI kuma bai nuna tabo ba. Likitan ya zaunar da ni ya ce ba zai yanka ba, don in ya cire gefe guda ɗayan zai ci gaba. Suka canza masa magani muka dawo. Ya samu sauƙi amma bai rabu da shi ba. Kuɗin jirgi da masauki da gwaji duk sun tafi. Ban ga laifin likitan ba, na ma gode masa. Abin da nake so Baba ya sani shi ne kuɗin da za a kashe na farko na bincike ne, ba na aiki ba, kuma ana iya cewa a'a.

Hajiya_Hanwa
Allah sarki Baban Sadik, Allah ya ƙara masa lafiya. Mu kuma namu ya zo da sauƙi. 'Yar yayata ce, MRI ya nuna tabo a dama, bidiyon ya nuna dama, komai dama. Aka yi aikin, yanzu tana ɗakin mijinta da ɗanta. Ba a tsayar da magani nan take ba, an daɗe ana sha kafin a fara ragewa. Abin da ya rage mata shi ne ba ta ganin can sama ta gefen hagu sosai, an kuma gaya mana haka tun kafin a shiga. Kada labarin wani ya sa ku janye gaba ɗaya.

Famasi_Sabon_Gari
Kafin a kai ga maganar wuƙa, a tabbata maganin ya gaza da gaske. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin farfaɗiya ta duniya ta fitar a 2010 ita ce a gwada magani biyu da suka dace da nau'in ciwon, a sha yadda ya kamata, da adadin da ya isa, amma ciwon bai tsaya ba. Kusan ɗaya cikin uku na masu farfaɗiya suna faɗawa nan. Amma a kanti ina ganin wani abu daban. Mutum ya sayi na kwana goma, ya ƙare, sai an yi albashi. Ko a raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata. Ko yau wannan kamfani gobe wancan, wani ma ba a san asalinsa ba. Ga rashin barci. Wannan ba gazawar magani ba ce. Yaya Bazazzage, tsakani da Allah, tana tsallakewa?

Kuma tunda budurwa ce, a sani Tegretol yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, Epilim kuma, wani maganin farfaɗiyar, yana iya cutar da ɗan tayi. Duk mai shirin aure ta yi wannan maganar da likitanta tun da wuri.

Bazazzage77
Ba ta tsallakewa, Mama ce ke ba ta da hannunta. Sai dai lokacin da Keppra ya yi tsada an ɗan yi makonni babu. Maganar aure kuwa ita ce ke cin ran Baba, manema biyu sun janye da suka ji.

Maman_Ikram
Wannan ne ciwon da ya fi ciwon. Amma kada a yi gaggawar aiki don a samu na kai wa dangin miji. Lafiyarta ake nema, aure lokaci ne.

Dan_Kongo
Na ɗan bincika saboda wannan zaren. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar EEG na mutum a 1924, ya wallafa a 1929. Abin da ya fi girgiza ni shi ne labarin wani saurayi a Amurka da aka sani da H.M. A 1953 aka cire masa hipokamfus na gefe biyu saboda farfaɗiya. Ciwon ya ragu, amma daga ranar bai ƙara iya riƙe sabon abu ba har ya mutu a 2008. Likita, wannan ne dalilin da ake dagewa kan sanin gefe?

Likita_Jijiyoyi
Shi ne babba, @Dan_Kongo. Ana cire gefe guda ne da sharaɗin ɗayan yana da lafiyar ɗaukar nauyin. In ka cire lafiyayyen ka bar mai tabon, ka haɗa wa mutum asara biyu. Don haka tambaya biyu ce, daga ina ciwon yake fitowa, kuma me za a rasa in aka cire wurin. Wani likita ɗan Japan, Juhn Wada, ya fito da gwajin da ake sa maganin barci ta jijiyar wuya a kwantar da rabin ƙwaƙwalwa na 'yan mintoci, a ga ko ɗaya rabin zai iya magana ya riƙe abu. Yanzu cibiyoyi da yawa suna amfani da wani nau'in MRI don gano ɓangaren magana, amma manufar ɗaya ce.

Malam Bazazzage, ka tambayi Mama abu uku. Wane hannu ne ke murza zanin, kuma ɗayan me yake yi? In ta farfaɗo, tana iya magana nan take? Da wane hannu take rubutu?

Bazazzage77
Na tambaya. Da hagu take murzawa, na daman yakan sandare a lanƙwashe. In ta farfaɗo tana kallonka ta gane ka amma magana ba ta fita sai an jima, wani lokacin ta kira abu da sunan da ba nasa ba. Da dama take rubutu. Mama ta ƙara da cewa tana jaririya ta yi zazzaɓi mai zafi da doguwar jijjiga.

Likita_Jijiyoyi
To, waɗannan suna tafiya tare da abin da EEG ya nuna. Hannun da ke sandarewa yawanci kishiyar gefen ciwon ne, wanda ke murza abu kuma gefen ciwon ne. Ɗaukewar magana bayan an farfaɗo tana nuna ɓangaren magana, wanda ga mafi yawan masu amfani da dama hagu ne. Doguwar jijjigar zazzaɓi a ƙuruciya kuma an san tana da alaƙa da tabon hipokamfus. Ban duba ta ba, don haka wannan ba hukunci ba ne, amma ta cancanci a yi mata cikakken bincike.

Sai dai ka lura, in hagun ne, aikin ya fi buƙatar taka-tsantsan. Aikin hagu yakan taɓa tuna sunayen abubuwa da riƙe abin da aka ji. Ga ɗaliba ko malama wannan ba ƙaramin abu ba ne, dole a auna ta kafin a yanke shawara, ita ma a ji ta bakinta.

Abu_Fatima_Basawa
Ku yi haƙuri, ni ina ganin mun cika tsoratar da bawan Allahn nan. Shekara goma sha tana faɗuwa. Zaman jiran ma yana da haɗari, wuta, rijiya, titi, ga mutuwar fuju'a da ke samun masu yawan jijjiga cikin barci. A Kanada a 2001 an raba marasa lafiya 80 gida biyu, bayan shekara guda kashi 58 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun rabu da ciwon da ke gusar da hankali, na magani kawai kashi 8. A Delhi a 2017 an yi irinsa da yara 116, kashi 77 da kashi 7. Ga alamu duk sun nuna hagu. Gona kuma ana sake saye.

Baban_Sadik
Waɗancan alƙaluman na waɗanda aka tantace ne, ɗan'uwa. Ba duk wanda ya hau jirgi ba.

Likita_Jijiyoyi
Ku biyun kuna da gaskiya a wurina. Malam Abu Fatima, ban ce a zauna ba, jinkirin tura irin waɗannan marasa lafiya matsala ce har a ƙasashen da suka ci gaba. Cewa na yi akwai matakan da za a gama a gida da kuɗi kaɗan. A koma asibitin koyarwa na Shika a ga likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a maimaita EEG har da na barci, don gwaji ɗaya yakan kama tartsatsin a kusan rabin masu ciwon ne ko ƙasa da haka, maimaitawa da barci suna ƙara yawan. A yi MRI. Sannan likita ya rubuta wa likita, a tura ainihin hotuna da rikodin, cibiyar ta ce ku zo ko kada ku zo.

Abu_Fatima_Basawa
Na ji, amma a sa wa abin wa'adi. Na san gidajen da "a maimaita gwaji" ya cinye musu shekaru.

Yar_Gyallesu
Ni dai tambayata, ita yarinyar an tambaye ta? Tun ɗazu Baba, Mama, Yaya. Kanta ne fa za a buɗe.

Bazazzage77
An tambaye ta. Ta ce in akwai hanyar rabuwa da shi tana so, amma tana NCE ne, tana tsoron abin da Likita ya faɗa na mantuwa. Na karanta wa Baba bayanan nan, ya yarda a fara da MRI. @Mai_Gwaji_Samaru, za a iya ba mu ainihin rikodin ɗin EEG, ba takardar kawai ba? Kuma kowane MRI ne zai yi?

Mai_Gwaji_Samaru
Ku nema a sa muku a faifai ko filashi, yawancin injinan yanzu suna iya fitarwa. In za a maimaita, ta rage barci a daren kamar yadda likita zai tsara, ta ci abinci, ta sha maganinta, kai a wanke babu mai. In tana son mace ta liƙa mata, ku faɗa tun ranar karɓar lokaci.

Likita_Jijiyoyi
Ba kowane MRI ba. Ƙarfin injin, da ake aunawa da Tesla, ya kai 1.5, in an samu 3 ya fi. Likita ya rubuta a takardar cewa na farfaɗiya ake so, da siraran yanka da ke nuna hipokamfus na hagu da na dama gefe da gefe. Hoton kai na gama-gari yakan tsallake ƙaramin tabo.

Injiniya_Palladan
Har yanzu ina kan bakata cewa da ana haɗa lissafin kwamfuta a kowane gwaji, da wuraren da ba su da ƙwararren mai karatu sun amfana. Ko a tura rikodin ta intanet wani ya karanta daga nesa.

Mai_Gwaji_Samaru
Turawa ta intanet na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Lissafi ba tare da mai dubawa ba ne ban yarda ba.

Umman_Khalifa
Assalamu alaikum, yanzu na shigo na karanta tun daga sama. Ɗana shekararsa 6, tun haihuwa hannunsa da ƙafarsa na hagu ba su da ƙarfi, an ce doguwar naƙuda ce. Yana faɗuwa kusan kullum duk da Epilim. Tasa takardar cewa ta yi igiyoyin dama gaba ɗaya sun yi ƙasa, ba saitin kunne kawai ba. Likita, shi ma wannan hanyar za mu bi, ko na yara daban ne?